Araha Ba Ta Ado: Zancen Takalmin Birkin Babur

A kakar da ta wuce, ranar wata kasuwa, wani saurayi daga ɗaya cikin ƙauyukan da muke zagayawa ya ɗauko wata mata da buhun masararta a babur. Da suka zo gangaren rafi ya taka birki, sai ƙafar baya ta ƙame kamar an ɗaure ta da igiya. Babur ya zame, suka zube duka. Saurayin ya ƙuje gwiwa, matar kuwa ta karye a hannu, ga shi lokacin girbi ne, dawarta tana tsaye a gona. Sa'ad da bakanike ya kwance ƙafar, sai ya tarar abin da aka manna a jikin takalmin birkin ya ɓanɓare, ya naɗe, ya maƙale a ciki. Takalmin nan bai yi wata guda da sawa ba. Saurayin da bakinsa ya gaya mana iri uku aka ɗora masa a kan tebur, shi kuwa ya zaɓi mafi araha.

Ba mu kawo labarin nan domin mu kunyata shi ba, gama da yawa cikinmu abin da za mu yi ke nan. Mun kawo shi ne domin muna da ra'ayi a kan wannan al'amari, muna kuwa so mu faɗe shi a fili. Takalmin birki mai kyau kuma mai sauƙin kuɗi yana nan a kasuwa, amma mutum ɗaya da ya je da babur a lalace, yana sauri, da wuya ya same shi. Sai mun koyi duba shi, mun koyi lissafin kuɗinsa yadda ya kamata, mun kuma haɗa kai wajen sayensa.

Babur ya zama jakin ƙauye

Da can babur na malamin makaranta ne da malamin gona da malamin asibiti. Honda da Suzuki da Yamaha na ƙasar Japan su ne aka sani, har kamfanin Honda ya kafa reshensa na Nijeriya a 1979, yana haɗa babura a Ota ta Jihar Ogun. Daga baya Jincheng da Haojue suka shigo daga ƙasar Sin, Bajaj da TVS kuma daga Indiya, babur ya shiga kusan kowane gida. Shi ne mai kai taki gona, shi ne mai kai amfani kasuwa, shi ne kuma motar asibitinmu in mace tana naƙuda da tsakar dare. Aikin da ake sa shi a ƙauye ya fi ƙarfin wanda masu ƙera shi suka yi nufi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum wajen miliyan 1.19 ne suka mutu a hatsarin hanya a duniya, in kuwa aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki asara. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, tun farkon 2009 kuma aka fara tilasta wa masu babur sa hular kwano. Wannan duk daidai ne. Amma ba ma'aikacin da zai zo hanyar ƙauyenmu ya kwance ƙafar babur ya ga abin da ke ciki. Wannan aiki namu ne.

Yadda birkin ke aiki

Yawancin baburan da muke hawa a ƙauye birkinsu na tukunya ne. Watau a tsakiyar ƙafar akwai wata tukunyar ƙarfe da ke juyawa tare da taya, faɗinta a ƙananan babura yakan zama milimita 110 ko 130. A cikinta akwai takalma biyu masu siffar jinjirin wata, an haɗa su da sifirin. A bayan kowanne an manna wani abu mai kaushi, za mu kira shi fatar birki, ko da yake ba fatar dabba ba ce. In ka taka birki ko ka matse hannu, wani ɗan ƙarfe yakan juya ya buɗa takalman, fatar ta gogi cikin tukunyar, ƙafar ta rage gudu. Wasu sababbin babura kuma suna da birkin faifai a gaba. A nan ƙananan takalma biyu ne suke matse wani faifan ƙarfe, man birki ne yake tura su.

Ko wane iri ne, aikin ɗaya ne: gudun babur yana komawa zafi. Shi ya sa in ka taɓa tukunyar bayan doguwar gangara za ka ji ta kamar an sauke ta daga murhu. A nan ne fata mai kyau da marar kyau suke rabuwa. Mai kyau an yi ta domin ta jimre wa zafi ta ci gaba da kamawa. Marar kyau in ta yi zafi sai ta yi santsi, birki ya ƙi ci, ko ta farfashe, ko kuwa abin da aka manna ta da shi ya saki, kamar yadda ya faru da saurayin nan. Da sanyin safiya a gaban shagon bakanike dukansu biyu suna kamawa daidai. Bambancin ba ya fitowa sai a gangara da kaya.

Bari mu sa lissafi. Babur mai gudun kilomita 40 a awa yana cin mita 11 kowane sakan. Mai gudun 60 yana cin kusan mita 17. Kafin idonka ya ga akuya ko yaro, ƙafarka ta kai ga birki, sakan guda ya wuce. Bugu da ƙari, in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin ka tsaya yakan ninka sau huɗu ne, zafin da zai sha shi ma sau huɗu. Kowane buhu da ka ƙara, ƙarin zafi ne a kan 'yar fatar nan da kaurinta bai wuce 'yan milimita ba.

Lissafin da ya kamata mu yi

Mun sani kuɗi ya yi wuya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, aka kuma saki darajar naira a watan Yuni na shekarar, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya tashi, har da kayan gyaran babur. Mutum yana da haƙƙi ya nemi sauƙi. Abin da muke ƙi shi ne a auna sauƙin da kuɗin da ya fita aljihu a ranar kaɗai.

Ga misali, ba farashin wata kasuwa ba ne, kowa ya sa na garinsu. A ce takalmi na naira 1,500 yana yin wata 2, na naira 3,000 kuma yana yin wata 6, bakanike yana karɓar naira 500 kowane sawa. Mai sayen na araha zai je sau 6 a shekara, ya kashe naira 12,000. Mai sayen ɗayan zai je sau 2, ya kashe naira 7,000. Wane ne ya sami araha? Ba mu ma sa wunin da aka rasa a gindin bishiyar bakanike ba. Ba mu sa tukunyar ba, gama fata marar kyau takan ƙare ba zato, ƙarfe ya hau kan ƙarfe ya karce cikin tukunyar, wadda kuɗinta ya ninka na takalmi sau da yawa. Kuɗin mai ɗori da na dawar da ta lalace a gona kuwa, wannan ba ya shiga littafi.

Wani zai ce, "To, sai in sayi mafi tsada in huta." A'a, wannan ma ba hikima ba ce. Masu jabu sun san wannan tunani, suna buga kwali mai kyau da sunan sanannen kamfani, su sa kuɗi mai yawa. Har wa yau akwai kamfanoni da ba su ne suka ƙera babur ɗin ba, amma suna yin takalmi mai aminci a kuɗi matsakaici. Tsada ba shaida ba ce, kwali ma ba shaida ba ne. Shaidar gaskiya ita ce watannin da takalmin ya yi yana aiki, da kuma mai shagon da zai yarda ka komo masa in kayan ya ɓaci.

Abin da za a duba a shago

Kada a aiki yaro. Ka je da kanka, ka riƙe tsohon takalmin a hannu, ka kuma san sunan babur ɗinka da lambar samfurinsa, gama takalma sukan yi kama amma su bambanta a faɗi ko a wurin zaman sifirin. Sa'an nan ka duba waɗannan:

1. Ka ɗora sabon a kan tsohon. Lanƙwasarsu da faɗinsu da ramukansu su zama ɗaya.

2. Ka bi bakin fatar da ido daga wannan kai zuwa wancan, cikin haske. In ka ga wata 'yar kafa tsakaninta da ƙarfen, ko ta ɗaga a gefe, ka ajiye.

3. Ka karce gefen fatar da makulli. In tana marmashewa kamar busasshen ƙuli-ƙuli, ba ta da kyau.

4. Kaurin fatar ya zama daidai ko'ina, kuma na takalman biyu ya zama ɗaya.

5. Ka duba jikin ƙarfen, kada ya zama da tsaga ko ramummuka kamar wanda gara ta ci.

6. Sifirin ya zama sabo mai ƙarfi. Sifirin da ya saki yakan bar takalmi yana gogar tukunya ko ba a taka birki ba.

7. Ka karɓi rasit mai sunan shago da kwanan wata. Mai shagon da ya ƙi rubutawa ya riga ya gaya maka irin kayansa.

Abu uku kuma muke roƙo a bari ɗungum. Na ɗaya, takalmin gwanjo da aka cire daga wani babur. Na biyu, tsohon takalmin da aka manna wa sabuwar fata a bakin hanya, domin a masana'anta da zafi da matsi ake yin wannan manni, gam na kasuwa ba zai riƙe ba. Na uku, dabarar nan ta cusa guntun gwangwani a bakin takalmi, ko a zare hannun birki a juya shi gaba domin a ƙara kwana. In fata ta cinye sosai, ɗan ƙarfen nan mai buɗa takalma yana iya juyawa ya wuce iyaka ya maƙale, ƙafar ta kulle ana cikin tafiya.

Yawancin babura suna da 'yar kibiya a hannun birki da wata alama a murfin tukunya. In ka taka birki sosai kibiyar ta kai kan alamar, takalmi ya ƙare. Littattafan kamfanoni da yawa sun sa iyakar fatar birkin tukunya a wajen milimita 2. A canza takalman biyu tare, kada a canza ɗaya a bar ɗaya.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Duk da wannan dubawa, ido ba ya ganin abin da aka gauraya cikin fatar. Saboda haka muka ce aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Kayan babur suna yin doguwar tafiya kafin su iso gare mu, daga jirgin ruwa zuwa manyan kasuwanni kamar ta Nnewi a Jihar Anambra, daga nan zuwa birane, zuwa garin kasuwa, zuwa teburin da ke bakin tasha. Kowane hannu yana ɗora ribarsa, kowane hannu kuma ƙofa ce da jabu ke iya shigowa. Mutumin ƙauye shi ne na ƙarshe a layi.

Mun iya haɗa kuɗi mu sayi taki, mun iya adashi, mun iya gayya. Me zai hana masu babur goma ko ashirin na ƙauye ɗaya su yi haka? Kowa ya riƙa ajiye ɗan abu kowane mako. In ya taru, a zaɓi mutum biyu masu amana su tafi birni tare da bakaniken da aka yarda da shi, su nemi dilan kamfanin da ya yi babur ɗin, ko babban shagon da ya daɗe a wuri ɗaya, su sayi dozin ko biyu. Sari ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi. Mai shago kuma in ya san mutum ashirin ne a bayan cinikin, za su kuma komo bayan wata shida, zai yi tunani kafin ya ba su na banza. Mafi girma duka, takalmi zai kasance a ƙauye tun kafin a bukace shi, ba wanda zai ce bari in lallaɓa zuwa ranar kasuwa.

Sa'an nan a sayi ɗan littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Duk ranar da aka sa wa wani takalmi, a rubuta sunansa, da sunan da ke kan kwalin, da shagon, da kuɗin, da kwanan wata. Ranar da aka cire a sake rubutawa. Bayan shekara guda littafin nan zai nuna wane iri ne ya daɗe, wane ne ya ci amana, ba sai an yi gardama a majalisa ba. In an gamu da wanda ya ɓanɓare ko ya farfashe tun yana sabo, kada a jefar. A ajiye shi da kwalinsa da rasit, a mayar wa mai shago. In ya ƙi ji, akwai hukumar kula da ingancin kayayyaki ta Nijeriya, wadda ake kira SON, an kafa ta tun 1971, tana kuma da ofisoshi a jihohi. Ƙarar ƙungiya ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Muna da magana kuma ga waɗanda suka sayi babur suka ba yara suna acaɓa, suna kawo balas. Yaron da dole ya cika kuɗin maigida kowace yamma, in aka bar masa gyaran birki, lalle na araha zai saya, ko ya ƙi saya. Kuɗin birki ya zama a wuyan mai babur, gama dukiyarsa ce, kuma in an yi hatsari ƙofarsa za a zo. Ku kuma kanikawa, ku ne idonmu. Ku nuna wa mai babur kwalin da tsohon takalmin, ku gaya masa gaskiyar abin da kuka sa masa. Bakaniken da aka san shi da haka ba zai rasa aiki ba.

Yadda takalmi zai daɗe

Takalmi mai kyau ma hannun mai shi ne yake kashe shi. Tun da mai ya yi tsada, muna ganin samari suna kashe inji ko su cire giya a gangara domin su rage shan mai. Wannan mugun ciniki ne. In babur yana cikin ƙaramar giya, inji yana taimakon birki wajen riƙe shi. In an cire giya, duk nauyin yana komawa kan fatar nan, ta yi zafi, ta daina ci tun ba a kai ƙasa ba. Masu zama a ƙasar duwatsu, kamar Filato da Biu da Mambila, su fi kowa lura da wannan.

Akwai kuma masu tsoron birkin gaba, har wasu sukan bar wayarsa a tsinke. A hanya mai ƙarfi busasshiya, birkin gaba ne yake yin fiye da rabin aikin tsayawa, gama nauyi yakan koma gaba in an rage gudu. A yi amfani da biyun tare, sai dai a cikin yashi ko taɓo a matsa na gaba a hankali. Kada a ɗora ƙafa a kan abin taka birki ana tafiya. A bar masa ɗan wasa: na hannu kamar milimita 10 zuwa 20, na ƙafa kamar 20 zuwa 30, in littafin babur ɗinka bai faɗi wani abu dabam ba. In an haye rafi, a riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan ana tafiya sannu har ya bushe. In giris ko baƙin mai ya shiga fata, wanki ba ya fitar da shi, sai canji. Sabon takalmi kuma yana bukatar 'yan kwanaki na tafiya a hankali kafin ya zauna daidai da tukunyar. Masu birkin faifai su zuba irin man da aka rubuta a murfin, yawanci DOT 3 ko DOT 4, su canza shi duk shekara biyu, domin yana shan ruwa daga iska.

Sauran abu guda, saboda kanikawa da yaransu. An daɗe ana yin fatar birki da wani ma'adini mai suna asbestos, wanda ƙurarsa ke jawo ciwon daji a huhu bayan shekaru masu yawa. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi gaba ɗaya tun 2005, amma ba kowace ƙasa ce ta hana ba. Kada a hura ƙurar tukunya da baki ko da famfo. A share ta da jiƙaƙƙen tsumma, a wanke hannu kafin a ci abinci.

Ku iyayenmu mata, ku ne kuka fi hawa bayan babur da goyo da kaya. Ba rashin kunya ba ne ki ce, "Ɗana, birkin nan yana ci kuwa? Taka in gani." Wanda nasa ke da kyau ba zai yi fushi ba.

Rigakafi ya fi magani. Kafin ranar kasuwa mai zuwa, kowane mai babur ya durƙusa ya taka birkinsa ya dubi kibiyar nan. A taron ƙungiyar manoma na gaba kuma a kawo zancen asusun birki da littafinsa. Ƙauyen da ya fara, su rubuto mana abin da littafinsu ya nuna, mu kuwa za mu buga domin sauran su amfana.